Ɗorawata da Maɗacin Yaya Sale

Waɗanda suke wurin ran nan zan fara lissafa muku, don kada gobe wani ya ce ni kaɗai na ji abin da aka faɗa. Akwai Yaya Sale, wana uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babba a gidanmu a lokacin. Akwai Hansai, ƙanwarmu, wadda idonta ya rufe tun bayan haihuwarta ta uku. Akwai Mai'unguwa Ɗanlami da Liman Malam Isiyaku. Akwai malamin daji da aka turo daga Sandamu, wani siriri mai hular kaki, ban riƙe sunansa ba. Akwai Alhaji Nasiru mai katako daga cikin Daura, da ma'aikatansa biyu da injin zartonsu. Sai ni, Uwani. A cikin waɗanda na sani da suna, yau ba wanda ya rage sai ni da mai katako, shi kuwa tsufa ya cinye shi, ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Shi ya sa na zaunar da jikata Binta na ce ta ɗauki biro, tunda ni ba a sa ni boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya Sale, kun tashi kun tarar gidajenmu biyu ba sa shiga juna. An gaya muku ni na ci mutuncin wana a gaban mutane, kuma ni na sare masa itacensa. Ta farkon gaskiya ce, na yi. Ta biyun ƙarya ce.

Babanmu mutum ne mai son dashe. Bayan gari, inda ruwa ke kwanciya da damina, yana da fili wanda kowa ke kira Kurmin Baba. Akwai marke da kirya da giginya waɗanda Allah ya tsirar, akwai bedi da ya jera ta gefen hanya. Amma yana da wata al'ada da ban ga wani uba yana yi ba a duk ƙasar nan: duk ɗan da aka haifa masa, ranar suna sai ya dasa masa itace, in yaron ya yi wayo ya kama hannunsa ya kai shi ya ce, wannan naka ne. Yaya Sale maɗaci aka dasa masa. Audu, mai bi masa, tsamiya. Ni ɗorawa. Hansai kanya. Baba bai taɓa cewa ran mutum na haɗe da itacensa ba, ko sau ɗaya ban ji daga bakinsa ba. Matan gida ne suka ƙirƙiro, ana faɗa ana dariya. Sai wata shekara tsamiyar Audu ta bushe a tsaye ba gaira ba dalili, kafin a yi girbi zazzaɓi ya ɗauke shi yana saurayi. Daga nan aka daina dariya. Ba mai faɗa a fili, amma kowa in ya bi ta kurmi sai ya saci kallon nasa.

Da Baba ya rasu ba a raba gado ba. Yaya Sale ya duƙufa fataucin shanu, yau yana Mashi gobe ya ƙetara iyaka, ni ina gidan mijina ina fama da yara. Kurmi ya zama na kowa, wato ba na kowa ba. Sarƙaƙiya ta rufe hanyoyi, macizai suka samu gida, makiyaya in rani ya yi tsanani su hau su sassabe rassa su zuba wa shanu. Maɗacin ya fi kowa shan wuya, saboda masu maganin gargajiya sun gano shi, kowa ya zo da gatarinsa ya ɗebi sassaƙe ya tafi, har suka tuɓe shi tsirara ta ɓangaren gabas daga ƙasa zuwa inda hannun dogon mutum ke kaiwa. Ni ɗorawata kaɗai nake zuwa wa. Ita ta riƙe ni bayan mijina ya rasu. Kalwarta nake dafawa in yi daddawa, daddawar da ake aikowa tun daga cikin Daura a saya, garinta yara su sha, ɓawonta in jiƙa in yi daɓen ɗaki. Ku da kuka yi karatu, da yawa daga cikin littattafanku daga jikin itacen nan suka fito.

To, ɗakin Hansai yana bakin kurmin ne, yamma da maɗacin, taku ashirin bai cika ba. Nan mijinta ya gina, nan ya mutu ya bar ta, 'ya'yanta mata duk suna gidajen aure nesa. Kullum da safe ni nake kai mata koko, kuma ni ban iya tafiya idona a ƙasa ba. Na fara ganin gari-gari ja yana zubowa daga gindin maɗacin kamar an niƙa dawa. Na ga zumar da ta yi shekaru a kogonsa ta tashi ta bar shi. Na ga gara ta yi hanya ta haura har inda rassa suka rabu. Bayan damina ɗaya na ga ƙasa ta gabas ta ɗago ta tsage, saiwa ta leƙo. Wanda ya girma a nan ya san hadari daga gabas yake tasowa, kuma itace in zai faɗi inda iska ta tura shi yake faɗa. Ƙarƙashin wurin nan ƙanwata take kwana.

Sau uku ina samun Yaya Sale da maganar. Na farko ya ce in sha Allahu. Na biyu ya ce itacen da ya shekara sittin a tsaye ba mace ce za ta gaya masa ranar faɗuwarsa ba. Na uku ya ce a kwashe Hansai a kawo ta gidansa. Na je na gaya mata.

"Yaya Uwani," ta ce, "a nan na san taku nawa ne daga gadona zuwa randa, na san taku nawa ne zuwa bayi. Ba na kiran kowa. In kika kai ni can, kullum sai na jira wani ya ga dama ya riƙe mini sanda. Gara itacen."

Ban sake yi mata maganar tashi ba.

Shekarun nan ne aka ƙaddamar da shari'a, gari ya ɗauki zafi. Yaya Sale ya dawo gida ya zauna, ya tara gemu, ya shiga kwamitin masu bi unguwa-unguwa suna hana camfi. Da hannunsa ya tsinke layu a wuyan jikokina. Shi ya tsaya aka sare wata tsamiya a bakin kasuwa da ake zuba wa fura, ya ce itace itace ne, ba ya amfanarwa ba ya cutarwa sai da ikon Allah. Na ji daɗin maganar, na ce a raina to yanzu nasa ma zai sauka. A shekarun ne kuma mata suka fara zuwa gaban alƙali neman gadonsu, har 'yan kasuwa suka shiga taitayinsu, ba mai sayen kayan magada sai kowa ya dangwala hannu, mace da namiji.

Wata safiya da bazara, ɗorawata ta yi nauyi da 'ya'ya saura kamar mako biyu a fara kaɗowa, na shiga kurmi na tarar da jan fenti. An bi itatuwa ɗaya bayan ɗaya an shafa musu alama a ƙirji. Marke, kirya, giginyu, bedi. Na bi ina dubawa ƙaya na kama mini zane. Kanyar Hansai an shafa mata. Ɗorawata an shafa mata. Na zo gindin maɗaci na kewaya shi sau biyu. Babu ko ɗigo.

Ran nan da la'asar aka taru a ƙofar ɗakin Hansai, aka shimfiɗa tabarmi, maza a gaba, ni da ita a bakin ƙofa. Yaya Sale ya yi bayani mai daɗi. Ya ce kurmi ya zama hatsari ga jama'a, macizai, ɓarayin awaki, itatuwa sun tsufa za su iya faɗo wa masu wucewa, gara a sayar a share a raba wa kowa haƙƙinsa yadda addini ya ce. Mai'unguwa yana gyaɗa kai. Mai katako ya fito da takarda da ɗan kwanon tawada ya turo gabana.

"Hajiya, nan za ki dangwala."

"Ban je Makka ba," na ce. "Uwani sunana. Ajiye tukuna."

Na juya wajen malamin daji na ce, tunda hatsari ake magana, don Allah ya tashi ya buga wa maɗacin can gudumarsa ta sa wa itatuwa hatimi mu ji. Ya dubi Yaya Sale, ya dubi Mai'unguwa, ya ga ba wanda ya hana, ya tashi. Bugu ɗaya ya yi. Itacen ya amsa kamar ganga. Hansai da ba ta gani ta ɗago kai ta ce, "Wa ke kiɗa?" Ma'aikatan mai katako suka tuntsire da dariya, ogansu ya harare su.

"Gaskiya wannan ba komai a cikinsa," in ji malamin daji. "Ni dai ba zan ɗaure jakina a ƙarƙashinsa ba."

"Ƙanwata fa a nan take kwana," na ce.

Yaya Sale ya gyara zama ya ce maɗaci nasa ne, Baba ya ba shi, ba ya cikin abin da za a sayar. Na tambayi Liman, Allah gafarta Malam, haka ne? Malam Isiyaku ya ce haka ne, abin da uba ya ba ɗansa yana da rai ya kuma damƙa masa kyauta ce, ba ta shiga gado. Na ce to ɗorawa da kanya fa? Ya ce su ma haka, kowa da nasa. Na ce to wa ya shafa musu fenti ba a tambayi masu su ba? Liman ya ƙara da cewa amma fa cutar da maƙwabci ba ta halatta, sai dai a roƙi mai abu ya duba. Mai'unguwa ya ce i, a roƙa, a bi a hankali. Na gane ba mai tilasta wa Alhaji Sale na kwamiti a cikinsu. Kotun Sandamu kuwa, ko da zan iya kai wana gaban alƙali, kafin a gama ɗage-ɗagen zama ruwan farko ya sauka.

Sai Yaya ya sassauto da murya, ya kira ni yadda yake kirana muna yara.

"Uwale, na san ɗorawar nan ita ce tukunyarki. Kuskuren yara ne. A goge fentin, a bar miki ita, a bar wa Hansai kanyarta. Dangwala mu tashi, magariba ta kusa."

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya so. Na dubi itacen nan daga inda nake zaune, 'ya'ya na reto kamar jelar doki, na tuna buhunan kalwar da zan samu. In na dangwala, ni da wana lafiya lau, sana'ata na nan, maɗaci kuwa wataƙila ya ƙara shekara guda a tsaye. Wataƙila. Hansai ta laluba ta taɓa gwiwata, ban san ko cewa take in yarda ba ko in ƙi, ban kuma tambaye ta ba har ta koma ga Allah.

"Yaya," na ce, "ba kuskuren yara ba ne. Waɗannan baƙi ne, ba su san itacen kowa ba, kai ka bi da su kana nunawa. Ina da tambaya ɗaya, ka amsa mini a gaban Liman. Maganar nan da matan gidanmu suke yi, cewa in itacen mutum ya faɗi mai shi zai bi shi, ka yarda da ita ko ba ka yarda ba?"

"A'uzubillahi! Ni? Wannan ai shirka ce."

"To alhamdu lillahi. In ba ka yarda ba, a sare maɗaci gobe, itace ne kawai, kai ka faɗa a bakin kasuwa kowa ya ji. In kuwa ka yarda, to ka dube ni ka gaya mini da wace zuciya ka sa aka shafa wa nawa da na Hansai jan fenti ka tsallake naka."

Na sha ganin mutum ya ji kunya, ban taɓa ganin irin ta ran nan ba. Fuskarsa ta yi toka. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri, Mai'unguwa ya shiga kakkaɓe rigarsa ba abin da ya hau ta. Mai katako ya naɗe takardarsa a hankali kamar mai tsoron ta yi ƙara. Yaya ya miƙe, ya sa takalmi ɗaya, ya laluba ɗayan da ƙafa bai samu ba, ya sunkuya ya ɗauka a hannu ya tafi da shi haka.

Ga abin da nake so ku fahimta, musamman ku 'ya'yansa. Ubanku ba mugu ba ne. Bai zauna ya ƙulla mutuwata ba. Tsoro ne ya shige shi tun ranar da ya wanke gawar Audu, ya zauna a wani lungu na zuciyarsa inda wa'azin da yake yi wa mutane bai taɓa kaiwa ba. In ya dubi itatuwanmu, malamin da ke cikinsa ne yake dubawa, ya ce camfi ne. In ya dubi nasa, saurayin nan da ya wanke gawar ƙaninsa ne yake dubawa. Bai taɓa haɗa biyun wuri ɗaya ya duba ba sai da na haɗa masa, kuma na haɗa masa a gaban maza shida. Da na same shi shi kaɗai a zaure, mai yiwuwa da yau kuna cin tuwo a kwano ɗaya. Amma sau uku na same shi shi kaɗai. Mutane sun ce na yi tsauri. Na yi. In aka mayar da ni tabarmar nan yau, abin da na faɗa shi zan sake faɗa, ba zan rage ko kalma ba. Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan nan, lafiyayye, ya aurar da ku, ya je Makka karo na biyu. Bai sake taka gidana ba. Ranar da ya rasu na je na zauna a cikin mata kamar baƙuwa, aka miƙo mini ruwa a kofin baƙi. Wannan na biya, kuma ban ce da arha na saya ba. Hansai kuwa ta shekara takwas a ɗakinta tana ƙirga takunta, ta mutu a kan gadonta da kalmar shahada, rufin ɗakinta lafiya lau.

Amma ran nan da aka watse ba a yanke komai ba. Maɗaci nasa ne, ya tafi bai ce a sare ba, kuma na san kunya ba ta sare itace. Gabas kuwa ta fara haɗa gajimare da yamma. Na auna na ga abin da ya rage a hannuna guda ɗaya ne, Liman da bakinsa ya ce nawa ne.

Washegari ina idar da sallar asuba na yafa mayafi na nufi makarantar firamare, inda mai katako da mutanensa suka sauka. Na same su suna ɗaure kaya a mota za su koma Daura. Na ce su sauke injin, akwai aiki. Alhaji Nasiru ya ce shi fa ba ya shiga rigimar 'yan uwa. Na ce ba rigima, nawa zan sayar masa, ɗorawa, malamin daji ya riga ya buga mata hatimin izinin sarewa jiya.

"Inna, ɗorawa ba ta katako," ya ce. "Sai dai gidan burodi su ƙona. Ga ta da 'ya'ya kuma. Ki bari mana ki kaɗe tukuna, mako biyu ne."

"Hadari zai jira ni mako biyu?"

Ya ce wa ma'aikatansa su sauke injin. Muka shiga kurmi rana na fitowa. Kafin su tayar da injin labari ya zaga, mata sun tsaya daga nesa da tuluna a ka, wata tsohuwa tana kiran sunana tana cewa in ji tsoron Allah in tausaya wa 'ya'yana. Ma'aikacin ya ce in matsa baya. Na matsa taku uku na tsaya inda kowa zai gan ni. Ba zan ce muku gabana bai faɗi ba. Ni ma a gidan nan na girma, ni ma na ga gawar Audu. Na kama salati. Injin ya ci, ya ci, itacen ya yi ƙara irin wadda ban taɓa ji ba, ya karkata, ya zube. Ƙasa ta girgiza har cikin haƙorana. 'Ya'yan ɗorawa ɗanyu suka watsu ko'ina.

Na tsaya na ja numfashi. Ya shiga, ya fita. Na sake ja.

Ban kakkaɓe garin itacen da ya rufe mini mayafi ba. Haka na ratsa gari da shi, mutane na darewa, mai katako na biye da ni daga nesa, har ƙofar gidan Yaya Sale. Na yi sallama sau uku. A ta ukun ya fito zaure. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya daɗe yana dubana, sannan ya ɗaga kai ya dubi bayan gari, inda sama ta buɗe a wurin da ɗorawa take jiya.

"Ga ni, Yaya," na ce. "Ina kwana?"

Ya juya ya kira matarsa daga cikin gida, ta leƙo.

"Ki gaya mata," ya ce, "ta gaya wa mutanen can su je su kayar da maɗacin. Su ɗaura igiya su ja shi kudu, kada ya taɓa ɗakin."

Ina tsaye taku biyu daga gare shi. Na dubi matar, na gyara mayafina.

"Ki gaya masa na ji."